Inda Aka Binne Gangunan

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa zama a aji don haka ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba famfunan masana'antar rini, tun tana hannun Turawa. Da suka tashi tafiya, shi da mutum huɗu aka sa suka binne ganguna arba'in na dagwalon sinadari a bayan katanga. Huɗun duk sun rasu. Yanzu makarantar firamare ce a wurin, ruwan rijiyarta kuma ya fara yin ja.

Ofishi uku ya kai wa takardar koke. A na ukun an ba shi kujera da ruwan sanyi.

Sai 'yar ƙanwarsa mai shirya fim ta zo da kyamara. Awa uku yana mata bayani: taku nawa daga katanga, zurfin ramin, wanda ya ba da umarni.

"Kawu, duniya za ta ji," in ji ta.

Ranar nuna fim ɗin ya sa rigarsa mai guga, ya zauna a layin gaba. Minti ashirin jan ruwa yana motsi a farin bango, ana cusa tsofaffin hotunan Turawa a kife. Muryarsa kuwa an ja ta, an ja ta, har ta koma gurnanin injin niƙa. Ko kalma ɗaya ba ta fita ba.

Aka yi tafi. Wani mai tabarau ya kama hannunsa, ya ce rashin maganar ya ratsa shi.

"Ni ma," in ji Injiniya.

Ya sami 'yar ƙanwar tasa a bakin ƙofa. "'Yar nan, ina takun da na ƙirga miki?"

"Kawu, ba labaran rediyo ba ne. So nake su ji abin a jikinsu."

"Yaran makarantar sun riga su ji."

Ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakarta.

"Gobe da safe ki zo da kyamarar," ya ce. "Ni zan zo da diga."

"Da wannan ciwon bayan naka?"

"Ki kifa ni a fim ɗin in kin ga dama, ki rage min gudu. Amma ki tsaya inda allon sunan makarantar zai fito."