Jaki a kan likkafanin Inna

Bakina ne ya ja mini, kuma a bazan ya ja mini. Bazan shi ne famfon unguwa, inda mu matan Karantina, unguwarmu ta baƙi a ƙasar Makka, muke jera garewani tun da hantsi muna jiran layi, kowa da labarin da ta kwana da shi. Ran nan na ce musu na ga zanen jaki yana tafiya. Na ce zane ne na alƙalami, baƙi da fari, amma yana ɗaga ƙafa, yana kaɗa kunne, har atishawa yake yi.

Lokacin ina wanki da guga a gidan wani attajiri a cikin Balad, tsohon gari. Ya dawo daga tafiya ya sayo wa 'ya'yansa makinar sinima, da finafinan zane gajeru-gajeru a naɗe cikin gwangwanaye. Tsofaffi ne, babu magana a ciki sai kiɗa. Yaran kullum sai sun cukurkuɗe zaren fim ɗin, su yi ta kuka. Ni kuwa da na taso a kan keken ɗinki, ina leƙawa na ga ai duk abu ɗaya ne: ka bi da shi ta sama, ka ratsa ta ƙofa, ka bar masa ɗan sako-sako don kada ya tsinke. Tun daga ranar, in za a kunna, uwar ɗakina takan aiko a ɗauko ni daga kan guga.

Mazanmu sun san sinima. Akwai filaye masu katanga da ake ce wa hosh, can suke zuwa su zauna a benci, su dawo ba su gaya mana komai sai wane ya naushi wane. Mata ba sa shiga. Talabijin kuma bai iso gidajenmu ba tukuna. Saboda haka da na gama labarina, sai wata doguwar mata mai sayar da waina ta dafa garwarta ta dube ni.

"Zane fa kika ce? Wanda ake yi a takarda?"

"Shi."

"Kuma ya tashi ya yi tafiya. To, Allah ya kai shi lafiya."

Aka kwashe da dariya. Kafin azahar sunana ya koma uwar jaki, har yara suna yi mini kukan jaki a lungu. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da maganar ta kai kunnen Inna, uwar mijina. Tsohuwa ce da ta taho daga ƙasar Hausa a ƙafa, ta yi shekaru a hanya, ta binne miji a Sudan kafin ta ga teku. Ni haihuwar Sudan ce, kuma a wurinta mu Hausawan can baki ya yi mana yawa. Ina zuba mata shayi, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Ke 'yar nan, mu dai a gidanmu ba a san mu da ƙarya ba."

Na ji zafin maganar har cikin ƙashina. Shekara huɗu ina gidan, ban taɓa ɗaga mata murya ba, amma ranar na ce, "Inna, ran Alhamis bayan magariba zan kawo jakin nan tsakar gidanki. In bai yi tafiya ba, ki kira ni duk sunan da kika ga dama." Sai da na faɗa na tuna makinar ba tawa ba ce.

Washegari na durƙusa gaban uwar ɗakina na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce halas, shi ke nan, in ɗauka, direba zai kai ya jira, amma ana kiran isha'i ya juyo da ita, don mijinta bai san da zancen ba. Maigidana, wanda yake dako a tashar jiragen ruwa, ya roƙi wani Bayamane mai kanti a bakin lungunmu ya bar mu mu ja waya daga injinsa na lantarki. Wayar ta kai daidai ƙofar tsakar gida, ba ta ƙara ko taƙi ba. Ya ɗaure ta, ya karkaɗe hannu, ya ce, "Ni dai na yi nawa. Saura naki." Ya kwashi mazan gidan suka tafi masallaci, da sharaɗin kada su dawo sai an kira su.

Ban san matan unguwarmu suna da yawa haka ba sai ranar. Tabarmi suka ƙare, aka zauna a kan garewani da turame, masu goyo suka tsaya a baya. Mai waina ta zo da wuri ta kama gaba, ta ce ba ta so jakin ya wuce ba su gaisa ba. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta a kan buzu, carbi a hannu, fuskar nan a ɗaure.

Na ɗora makina a kan akwati, na zura zare yadda na saba. Na murɗa. Ta ɗauki ƙara, haske ya fita ya faɗa a bango, kiɗa ya tashi. Sai dai babu jaki.

A gidan attajiri bango fari ne sumul, shi ya sa ban taɓa tunanin bango ba. Namu kuwa garewani ne da gangunan mai aka fasa aka baje aka buga da ƙusa, ga tsatsa, ga rubutun kamfani, ga lanƙwasa. Hasken ya watse a kai, ba ka ganin komai sai inuwa tana motsi kamar an girgiza ruwan wanki. Na kashe.

"Ko ya tsaya shan ruwa ne a hanya?" in ji mai waina.

Na ciro zanen gado na rataya a igiyar shanya. Atamfa ce mai manyan furanni, jakin ya ɓace a cikinsu. Aka kawo mayafai, duk baƙaƙe. Wata amarya maƙwabciyarmu ta ruga ta ɗauko haramin aikin hajjin mijinta, fari tas, ƙyalle biyu. Amma makina tana nesa, waya ba ta bari a matso da ita, hoton ya fi ƙarfin ƙyalle ɗaya. Na ce a ba ni allura in haɗa su. Nan fa aka yi mini caa, wai ina hankalina, allura ba ta taɓa harami. Kafin in buɗe baki uwar mijin amaryar ta fizge kayan ta ce abin da ɗanta ya yi ɗawafi da shi ba za a ɗora wa jaki ba, ko na gaske ne balle na ƙarya.

Kalmar ta sake fitowa ke nan, a tsakar gidanmu, a gaban kowa. Wasu suka fara gyara goyo. Direba ya leƙo ya nuna mini agogo. Na tsaya riƙe da murfin gwangwani, ina jin kuka yana taso mini, ina danne shi don na rantse mai waina ba za ta ga hawayena ba.

Sai Inna ta miƙe ta shiga ɗaki. Na ɗauka ta gaji da kallon abin kunya ne. Muka ji ƙarar akwatin ƙarfenta, wanda ban taɓa ganin cikinsa ba. Ta fito rungume da wani ƙunshi, ta kwance, ƙanshin kafur ya cika wurin. Farin alawayyo ne, turmi guda, ko almakashi bai taɓa shi ba. Duk wadda take wurin ta san ko mene ne. Tsofaffinmu in sun sauke farali sukan sayi likkafaninsu, su wanke shi da ruwan Zamzam, su shanya a Makka, su adana har ranar.

"Inna, likkafaninki ne fa," in ji wata dattijuwa.

"Na sani, ni na wanke shi. Yadi ne har ran da aka naɗe ni a ciki." Ta juyo wurina. "Ba don ke na yi ba. In ƙarya ce a gani yau, in gaskiya ce a gani yau. Amma ban yarda da ƙusa ba, ban yarda da allura ba, kuma kada ya taɓa ƙasa."

Da hannu aka riƙe shi. Muka ja shi daga wannan turken shanya zuwa wancan, muka juyo da shi ta ƙasa, muka sake komawa, ya zama hawa uku. Mata shida suka kama, uku a kowane gefe, kowa da bisimilla a baki. Hawan sama yana son mai tsawo, kuma duk unguwar babu wadda ta kai mai waina, don haka Inna ta nuna ta da carbi ta ce, "Yalla, tashi." Ta tashi.

Na mayar da zaren zuwa farkonsa, na yi addu'ar da ban taɓa yi wa keken ɗinki ba, na murɗa.

Ga jaki nan, tar, kamar ka shafa shi. Siriri ne mai dogayen kunnuwa, an rataya masa garwa biyu, yana tafe ƙafafunsa suna lanƙwashewa daidai da kiɗa. Wata ta ja a'uziyya a hankali. Ya isa bakin famfo ya tara garwa, famfon ya kumbura kumatu ya ƙi ba da ruwa. Ya juya zai tafi, famfo ya tsirto masa a ƙeya. Ya dawo, famfo ya ƙafe. Mu da muke kwana muna tashi da halin bazan, wa zai gaya mana wannan? Wata daga baya ta ce, "Wallahi irin namu ne." Shi ke nan aka ɓarke.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mata suna ba jaki shawara da Hausa, wai ya dake shi ta gindi, wasu suna zagin famfo da Larabci. Da ya ja wata doguwar atishawa har garewanin suka yi tsalle suka gudu da ƙafafunsu, masu riƙon yadi suka kasa tsayuwa, yadin yana rawa, jakin yana rawa a kansa. Mai waina, hannu a sama, ta karkato da wuya tana kallo a karkace, sannan ta leƙa bayan yadin ta ga babu kowa sai bangon garwa. Ta dawo da kai ta ce, "Ke, uwar jaki, na tuba. Ki sake sa shi in na zauna."

Ni ba jakin nake kallo ba, na riga na haddace shi. Inna nake kallo. Da fari ta toshe baki da gefen mayafi. Can kafaɗunta suka fara girgiza, carbin ya zame ya faɗi kan buzu, ta bar shi a nan. Ta yi dariya har tana share ido, ni kuma na ji wani daɗi ya cika mini ƙirji, irin wanda ban ji ba ko ranar aurena.

Sau uku na mayar da zaren da hannu na sake sawa, ana canza masu riƙo don kowa ta gani. Ana cikin na ukun aka kira isha'i, direba ya danna oda, na kashe makina.

Ba wadda ta tashi. Inna ta zo ta karɓi gefe ɗaya na yadin, ta miƙo mini ɗaya, muka ja baya muka miƙe shi. Ta bi shi da ido a hasken fitila, kamu bayan kamu, ta ce ko sawun kofato bai bari ba. Muka riƙa ninkewa muna matsowa har hannuwanmu suka haɗu. Ba ta saki ba. Ta ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Ku shaida, yarinyar nan ba ta ƙarya. Ran da Allah ya yi, ita za ta yi mini wanka, ita za ta naɗe ni a cikin wannan."

Aikin dattijai ne, ba a ba suruka mai shekaruna. Na durƙusa riƙe da yadin a ƙirjina don kada ya taɓa ƙasa, na ce, "Na karɓa, Inna, Allah ya ja da ranar."

Ya kuwa ja da ita, sai da ta ga jikokinta sun yi aure. Da ranar ta zo, ni na buɗe akwatin, ni na naɗe ta.