Faruku Direba da Turbon da Aka Shafa wa Fenti

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran ƙanena Faruku direba a asibiti a Gummi, bayan injin motarsa ya fashe da shi a hanyar Bukkuyum. Ya bar Inna, da matarsa Mardiyya, da 'ya'ya ƙanana. Ni yayarsa Sa'adatu nake wannan rubutu, domin akwai maganar da aka hana ni faɗa a wurin zaman makoki, kuma ta ƙi kwanta mini a ciki.

Faruku, ni na goye ka, na san nauyinka tun ba ka san sunanka ba. Ka tashi da sanyin hali har yana ba ni haushi. Shekarar da gubar dalma ta kwantar da yaran Sunke, kana sabon direba, kai ne mai kwasar uwaye da 'ya'yansu zuwa Anka, ba ka taɓa tambayar wata abin da ta ƙulla a bakin zane ba. Dija mai nono ta zo gaisuwa daga ruga, ta ce da damina in ka hango ta da ƙwarya a ka, sai ka rage gudu tun daga nesa don kada ka watsa mata taɓo. Matan fadama sun ce buhun shinkafarsu bai taɓa raguwa a motarka ba. In ka dawo ta bakin gulbi kuwa, sai ka tsaya ka zaɓo wa Inna kifi marar ƙaya, ka ce haƙoranta sun yi ritaya.

Aibinka ɗaya, kunya. Ita aka kama aka yanka ka da ita.

Da motarka ta fara baƙin hayaƙi tana kuka a hawa, direbobin tasha suka ce turbo ne, wato abin nan da ke hura wa inji iska ya ƙara masa ƙarfi. Abokinka Manu ya ce ka kai shi Sakkwato wurin mutanen da aikinsu ke nan, masu buɗe shi a gabanka, su sauya sandar ciki da robobin da ke tare baƙin mai, su ɗora shi a na'ura su daidaita, su miƙo maka tsofaffin kayan ka gani da idonka. Ka zo ɗakina ka zauna kana sosa ƙeya, ka ce, "Yaya, mi zan ce ma Gwaggo in na ƙetare garejin ɗanta?"

Ɗan nan shi ne Lauwali makanike, ɗan Gwaggo Hure ƙanwar mahaifinmu, wato taubashinka. Wurinsa ka kai motar, ya kwance turbo, ya ce ya aika Kano an sake shi sabo fil. Ya dawo maka da shi yana sheƙi kamar sabuwar samira. Ba a jima ba mota ta fara shan baƙin mai. Ka koma ka faɗa masa, ya tara yaran gareji yana dariya, ya ce, "Bawana, tuƙi na ba ka iya ba, koma ma jaki!" Kowa ya yi dariya, kai ma ka yi. Ka sake komawa, ya sake mai da maganar wasa. Wa ya taɓa ganin an yi fushi da taubashi? Lauwali ya san haka sarai, shi ya sa ya fake a nan.

Manu yana biye da kai ranar da injin ya fashe, shi ya ba ni labari. Da hantsi ne, mota cike da 'yan kasuwa. Inji ya ɗauki ƙara shi kaɗai, farin hayaƙi ya rufe hanya. Ka zare makulli, bai mutu ba, domin baƙin man da turbo ya sako masa yake sha. Ka samu ka tsayar da ita, ka fitar da mutane, wata tsohuwa ma sungumarta ka yi ka ajiye ƙarƙashin itace. Da ka tsaya nan da yanzu kana gida. Sai ka ga kayan mutane a kan mota, ka tuɓe riga ka koma don ka toshe wa injin hanyar iska. Kana sunkuye a kansa ya tarwatse. Ba wanda ya ƙwarzane a cikin fasinjanka.

Bayan an kai ka makwancinka, Manu ya sa aka ciro turbon, wani makanike ya buɗe shi a gaban direbobi. Tsohuwar sandar ce a ciki, ta cinye har tana girgiza. Robobin ma naka ne na da, an dai cusa gam a inda suka tsage. Ko Anka bai je ba, balle Kano. Wanke shi aka yi da fetur, aka fesa masa fenti, aka mayar. Manu ya naɗe shi a buhu ya kawo mini, yana ƙarƙashin gadona yanzu haka.

Gwaggo Hure ta zo ta durƙusa gaban Inna tana kuka, a rufa asiri, jini ɗaya ne. Inna ta yafe, don ita uwa ce mai tsoron Allah. Ta kira ni ta ce, "Sa'a, ki ba da ƙarfen ga a jefa gulbi. Kwanan Faruku na ya ƙare." Na sani, Inna. Na yarda da ƙaddara, ba wanda ke wuce ranarsa. Amma ƙaddara ba ta riƙe gwangwanin fenti. Ban taɓa yi miki musu ba, wannan karon ki gafarce ni.

Faruku, ga abin da zan yi. Ranar kasuwa zan ɗauki buhun nan da kaina in kai tashar Gummi, in zazzage a gaban shugabannin direbobi. Daga nan Manu ya kai shi Bukkuyum, ya kai Anka, kowane direba ya taɓa da hannunsa, ya ji sunan wanda ya yi aikin. Ina so garejin nan ya bushe har ciyawa ta tsiro a ƙofarsa. A ce na raba zumunci, na ji. Duk mai mota ya ji da kyau: kai gyaranka inda za a buɗe a gabanka, inda za ka iya ɗaure fuska ka yi tambaya a amsa maka ba da dariya ba.

Ya Allah ka jiƙan Faruku, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya kabarinsa, ka sa ƙunar da ya sha ta zama kaffara. Ka raya abin da ya bari, ka ba Mardiyya juriya. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da surukanmu, da direbobin Gummi, da Gwaggo Hure ma, don ita ba ta taɓa riƙe sifanar gyaran mota ba.

Lauwali kuwa na gan shi zaune a tabarmar makoki, ana ba shi hannu ana masa gaisuwa a matsayin ɗan'uwan mamaci. Ni ba ni da gaisuwar da zan yi maka, Lauwali. Ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da kai, mu haɗu a gaban wanda ba a yi masa wasa.