Layi a Wuyan Matafiya

Hotunan sun zo shagonmu na unguwar Gubaira a shekarar da aka tsananta kamen baƙi a Riyad. Shagon gilashi ne da firam. Mai shagon tun da aka fara kamen ya daina leƙowa, sai dai ya kira a waya ya ba da umarni. Mu biyu muka rage: ni da wani dattijo mutumin Haɗeja da duk layin ke kira Baba.

Ni ina da iƙama, takardar zama ke nan, amma abin da aka rubuta a kanta direban gida ne, ga ni kuma ina yankan gilashi a shagon wani. A lokacin wannan kaɗai ya isa a ɗora mutum a jirgi. Baba kuwa ko ta bogi ba shi da ita. Aikin Hajji ya kawo shi tun ba a haife ni ba, bai koma ba. A nan ya binne matarsa, a nan 'yarsa tilo take aure, da jikokin da ba su jin Hausa sai in ana musu faɗa. Da ni aka kama, gidan ubana zan koma in sha surutu. Baba kuwa ƙasar da za a kai shi ba shi da kowa a cikinta.

Rabin ƙofa muke buɗewa. Motar bas fara ta masu kamen in ta shigo layin, sai ka ji injinan masu walda sun yi tsit ɗaya bayan ɗaya. Wannan shirun shi na fi tsoro. Na sha jin sa ina tsakiyar yanka, hannuna ya karkace, gilashin ya tafi a banza.

Wata safiya mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofarmu. Kafin a kashe ta Baba ya shige ɗakin baya ya ɓuya a bayan falankan katako. Ashe wani dattijon Balarabe ne daga unguwar Nasiriya, injiniya da ya yi ritaya, ya ce a Japan ya yi karatu yana saurayi. Ya ɗora wata jakar fata a kan tebur, ya ce in wanke hannu tukuna. Raina ya ɗan sosu, don hannuna ba kashi na taɓa da shi ba, amma na wanke.

Ya fito da hotunan ɗaya ɗaya. Takardar mai laushi ce kamar tsohon zane da ya sha wanki. Ya ce ba da alƙalami aka zana su ba, katako ake sassaƙawa a shafa launi a danna takarda a kai, kowane launi da nasa katakon. Da na duba da kyau kuwa, ga jijiyar itace nan a cikin shuɗin sama. Duk hotunan na hanya ɗaya ne, wata tsohuwar hanya da ta haɗa manyan biranen Japan biyu, kowane hoto zango guda. Ga gada da asuba da masu tallar kifi. Ga kogi babu gada, ƙarti sun ɗauki matafiya a kafaɗa suna ratsa ruwa. Ga wasu da ruwan sama ya ritsa da su a kan tudu, sun duƙa a ƙarƙashin malfunansu kamar Fulanin da hadari ya kama a hanyar kasuwa. A nesa kuma wani dutse mai farin kai yana ta bin su daga hoto zuwa hoto.

A kan wani hoto ya daɗe. Jerin mutane ne suna gangarowa ta wata 'yar siririyar hanya a tsakanin duwatsu.

“Gaba kaɗan da nan akwai shinge,” in ji shi. “Kowa sai ya nuna takardar izinin wucewa. Wanda ya zagaya ta daji aka kama shi, kashe shi ake yi.”

Na ce Allah Ya kyauta. Ban san ko labari yake ba ni ba ko gwada ni yake yi. Ya ce a sa musu firam, amma kada a sa gam, kada a datse ko gefen takarda, don sun girmi kakansa. Ya tafi.

Na faɗa wa Baba duk wannan: ba gam, ba datsewa. Abin da bai zo min a rai in faɗa ba shi ne kada a yi musu rubutu, don wa zai yi tunanin haka?

Baba yana da wata ɗabi'a da ya ɗauka a ƙasar. Duk zanen mai rai da zai kwana a ɗakin da yake salla, sai ya ja masa layi a wuya, wai ya raba kai da gangar jiki, ya daina zama surar mai rai. Kalandar shagonmu babu raƙumin da ya tsira. Na sha tsokanarsa cewa shi kaɗai ne mahaucin da na sani mai yanka da fensir. Hoton kyamara na masu kawo aiki ba ya taɓawa, kifewa yake yi. Amma waɗannan da ya gani, tsofaffin takardu masu launin ƙasa, sai ya ɗauka shafukan tsohuwar kalanda ce wani ya tara.

Na je sayo mana abincin rana. Na dawo na tarar da shi ya duƙa a kan hoton masu ratsa kogi, fensirinsa na kafinta a hannu.

“Masu malfar nan sun ba ni wahala,” ya ce. “Ba a ganin wuyansu. Waɗannan dai na samu.”

Hoto ɗaya ya taɓa, amma ya bi ƙartin nan kaf, har da wanda ke can tsakiyar ruwa da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na ajiye ledar abincin a ƙasa. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa sa'an ubana ba. Na ce ya kashe mu. Na ce mutumin nan waya ɗaya zai buga, 'yan sanda su zo ganin ɓarna, su tarar da abin da ya fi ɓarnar. Baba ya soke fensirin a bayan kunne.

Na gwada gogewa a gefe ɗaya. Takardar ta tashi, ta yi gashi, launin ruwan ya biyo magogin. Na bari.

Muka gama firam ɗin sauran cikin kwanakin da suka biyo baya, ba mai yi wa wani magana sai ta aiki. Na yi tunanin rufe wurin da kwalin gefe, amma layukan a tsakiya suke. Na yi tunanin in ce an sace hoton. Duk motar da ta rage gudu a layin sai in ɗauka injiniyan ne ya dawo. Mai shago da na gaya masa a waya cewa ya yi ba ruwansa, mu kai kayan gidan mutumin da kanmu, kada ya sake tako masa shago.

Ranar kaiwa Baba ya zo da farar jallabiyarsa ta Juma'a.

“Ni na yi, ni zan je,” in ji shi.

“Ka je ina, Baba? Tsakanin nan da Nasiriya shinge nawa ne? Ni ko an tsayar da ni, direban gida ne maigidansa ya aike shi karɓo hotuna. Kai me za ka nuna musu?”

“In nuna musu furfurata.”

“Ka zauna a shago, ka ja ƙofa. Nan ya fi maka.”

Ya taya ni jera su a bayan tasi, ya sa bargo a tsakani.

An tsayar da mu kuwa, kafin mu bar kudancin gari. Ɗan sandan yaro ne, gemunsa bai gama fitowa ba. Ya miƙo hannu, na ba shi takardata. Ya juya iƙamar, ya dube ni, ya leƙa baya ya ɗaga bargon. Hoton masu gangarowa tsakanin duwatsu ne a sama. Ya tambaya na wane ne, na ce na maigida. Ya sake bargon ya ce mu wuce. Har muka isa Nasiriya ban iya mayar da takardar cikin aljihu ba, tana hannuna ta jiƙe da gumi.

Injiniyan ya karɓe ni a falo. Na sa mai matsalar a ƙarshe, kamar hakan zai rage wani abu. Ya duba ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Da ya zo kansa sai ya cire tabarau, ya kai hoton bakin taga. Wayarsa na kan tebur, ni ita nake kallo.

“Wa ya yi wannan?”

Na ce wani tsoho ne da muke aiki tare, bai san darajarsu ba, tsoron Allah ne ya sa shi. Na ce in akwai hukunci a yi a kaina a nan, kada a je shagon.

Ya fita ya bar ni a tsaye. Na auna nisan ƙofa, na ga ko na gudu ban san ta inda ake fita unguwar ba. Da ya dawo, wani ƙaramin firam ne a hannunsa, hoton wani ƙauye da ƙanƙara ta rufe, da mutane sun sunkuya suna tafiya. Kowannensu da shuɗin layi a wuya.

“Wannan na fara kawowa gida,” ya ce. “Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta. Ita da biro ta yi. Shekara guda ban yafe mata ba.”

Ba zan ce ya ji daɗi ba. Fuskarsa a ɗaure take har na fito, kuma ya ce ba zai sake kawo mana aiki ba. Amma bai taɓa wayar ba. A bakin ƙofa ya ce in gaida tsohon, in ce masa hannunsa ya fi na marigayiyar sauƙi.

A tasi ina ta shirya yadda zan ba Baba labarin. Na ƙudura sai na ɗan ja masa rai tukuna, in shiga da fuskar mutuwa.

Layinmu na tarar tsit, da rana tsaka. Ƙofar shagon a ja take har ƙasa, an manna mata takarda. Wani ɗan Sudan mai gyaran taya ya leƙo ta saman katanga ya yafito ni. Ya ce ban daɗe da tafiya ba 'yan sanda suka toshe layin ta kai da ƙafa, suka bi shago shago. Baba bai ɓuya a bayan falankan ba. Wai farar jallabiyar ya ji tsoron ɓatawa, ko kuwa gajiya ya yi, Allah Ya sani. Ya fito da kansa ya hau bas ɗin.

'Yarsa ta yi ta zarya wurin da ake tsare su har aka tafi da shi. Ni ban iya zuwa ba, kuma ta san dalili.

Bayan makonni wata lamba ta Najeriya ta kira ni. Baba ne, ya ari wayar wani a bakin filin jirgin Kano. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, “Mai hotunan ya yafe?”

Na ce ya yafe, har ya ce a gaishe ka.

“Alhamdu lillahi,” ya ce. Na ji hayaniyar motoci a bayansa. “To ɗana, yanzu ta ina ake shiga motar Haɗeja?”

Na fara yi masa kwatance. Duk abin da na ambata, gada, shatale-tale, gidan mai, sai ya ce bai san shi ba, lokacin da ya tafi babu su. Ina cikin neman wata alamar da za ta girme ni mai wayar ya karɓi abarsa.