Profe Zenobia da Askin Ɗan Mahauci

Shekara ashirin da biyu Zenobia Camayo ta yi tana shirya 'ya'yan mutane shiga jami'a, ita kuwa ba ta taɓa zama a ajin jami'a ba. Iyaye ba su sani ba. Profe suke ce mata, yadda ake kiran kowane malami a nan Huancayo, ita kuma ba ta taɓa gyara wa kowa ba.

'Yar kafinta ce daga Chupaca. Sau uku ta zauna jarrabawar shiga likitanci, sau uku sunanta bai fito ba. A na ukun, da suka isa gida, ubanta ya shigar da ita shagonsa. Ya ja ƙofar shago, ya zaɓi guntun katako. Tana kwance cikin dusar katako, ƙaramin yatsanta a karye, tana jiyo shewa daga maƙwabta. Ɗan maƙwabtan ya ci jarrabawar, 'yan uwa sun danne shi suna yi masa aski ƙwal-kwabo. A wajenmu duk wanda ya ci jarrabawar jami'a sai an sauke masa gashi tas, don kowa ya gan shi a titi ya san cachimbo ne, sabon ɗan jami'a.

Makarantar share fagen da take aiki tana hawa na biyu, saman gidan gasa kaji, don haka takardun yara kullum ƙamshin maiƙo suke yi. Rabonta 'yan aji huɗu ne, waɗanda saura musu shekara guda su gama sakandare. Kowace Lahadi jarrabawar gwaji. Kowace Litinin ta manna jerin sunaye a ƙofar bene, daga na ɗaya zuwa na arba'in. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma taron iyaye, kowa da ɗansa a gefe.

A taron nan Zenobia take rayuwa. Takan fara da bayani: kwasa-kwasai, yawan kujeru, yawan masu nema, ranar yin rajista, abincin da ya kamata a ba yaro da safen jarrabawa. Sannan ta buɗe littafi, ta kira sunayen waɗanda suka yi baya, ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowa. Tana cewa don amfanin yaran ne, kuma rabin zuciyarta ya yarda. Amma akwai wani ɗan taƙin lokaci, tsakanin kiran suna da juyowar uba ga ɗansa, lokacin da fuskar ƙaton namiji take zubewa kamar an zare mata ƙashi. Wannan take jira duk wata. Abin da ke biyo baya a gida kuwa, ta koya wa kanta cewa ba aikinta ba ne.

Don Hilarión Orihuela mahauci ne, naman alade yake sayarwa a babbar kasuwa. Ko taro zai zo ba ya cire ƙarfen wasa wuƙa daga ƙugunsa. Ɗansa Nilton shekararsa goma sha biyar, gashinsa har kafaɗa, domin uban ya rantse almakashi ba zai taɓa kan yaron ba sai ranar da ya ci jarrabawar shiga karatun injiniya.

"Orihuela," in ji Zenobia a taron watan Nuwamba. "Daga na tara ya koma na talatin da ɗaya."

"Na nawa, Profe?"

"Talatin da ɗaya, Don Hilarión."

"To, saura tara ya zama sarkin jakuna ke nan," in ji shi. Iyaye suka yi dariya, shi ma ya yi. Bai jira an tashi ba. Ya naɗe gashin yaron a hannu ya ja shi waje, aka bar matarsa Doña Máxima zaune tana kallon cinyarta. Duk ɗakin yana jin kan Nilton yana gwaruwa da bangon bene, sau ɗaya, sau biyu, da muryar uban yana cewa, "Ni ina cikin jini tun asuba, kai kana ƙirga ƙudaje!" Zenobia ta ɗaga murya kaɗan ta kira suna na gaba.

A watan Disamba 'yan aji huɗu sukan shiga jarrabawar jami'a ta gaske don gwada ƙarfi. Ko yaro ya ci ba a ba shi kujera, tunda bai gama sakandare ba, amma sunansa zai fito, a yi masa aski, makaranta ta sa hotonsa a ƙyallen talla. Ranar Lahadi aka yi, da la'asar sakamako ya fito a waya. Zenobia ta duba nata arba'in ɗin. Uku suka ci. Nilton ko kusa bai yi ba.

Da safen Litinin ta tarar da shi yana jiranta a kan bene, kansa fes kamar ƙwai, da sauran fulawa a bayan kunne.

"Wa ya aske ka?"

"Ni na je wajen mai aski, Profe. Da na ga sakamakon sai na ce yau dai Baba ba zai sami abin kamawa ba. Ban yi tunanin komai ba, na rantse. Na bi ta kasuwa zan wuce gida, sai matan layin nama suka gan ni."

Sauran ta san shi ba sai an faɗa ba. Guɗa, ƙwai da fulawa a ka yadda ake yi wa wanda ya ci, ana ihun cachimbo, cachimbo. Don Hilarión ba ya duba komai a waya. Kan ɗansa ya gani, kuma askakken kai ba ya ƙarya a garin nan. Ya ɗaga yaron sama yana kuka, ya rufe teburinsa, ya sa aka kawo giya ga duk layin.

"Bai taɓa rungume ni ba sai jiya," in ji Nilton. "Yana zuwa yi miki godiya. Ki ce masa na ci, Profe. Ba kujera, ba rajista, babu wanda zai bincika. Shekara ɗaya kawai ki ara mini, baɗi zan ci na gaske. Idan ya ji, kashe ni zai yi. Ba wai magana ba ce."

Ta san gaskiya ya faɗa, duka biyun. Ƙaryar za ta zauna daram. Mai makarantar ma da murna zai ƙara hoto na huɗu. Ta ce masa, "Je ka zauna," ta kuma ƙudura a ranta cewa za ta rufa masa asiri.

Da hantsi Don Hilarión ya hawo bene, ɗauke da cinyar alade guda naɗe a takarda, Doña Máxima na bayansa. Ya banko ƙofar aji ana tsakiyar lissafi.

"Profe! Uwar injiniyoyi! Ga naki, da hannuna na zaɓa, ko limamin coci ban ba irin wannan ba." Ya dire naman a kan teburinta. "Ina ƙwan nawa? Tashi su gan ka, shege mai kan kabewa! Ku kalle shi da kyau, ku ragowar jakunan."

Yara suka yi dariya. Zenobia ta buɗe baki za ta ce barka.

"Kin ga amfanin hannu ko?" in ji shi, ya ɗaga tafinsa yana juya shi. "Matar nan tawa tana cewa zan lalata yaro. Ga shi nan na lalata shi har jami'a! Ke ma, Profe, na tabbata tsohonki bai raga miki ba. Ai da ba ki kai inda kike ba."

Fuskarsa tana sheƙi, ja wur, cike da jin daɗin kansa. Zenobia ta dube ta, ta ji wani abu ya taso mata tun daga ciki, irin yunwar nan ta Asabar, amma ninki goma. Ba ta kalli inda Nilton yake ba.

"Bai ci ba, Don Hilarión," in ji ta, a hankali, da muryar kiran suna. "Ko rabin maki bai samu ba. Shi ya kai kansa wajen mai aski."

Ta sami abin da take so. Fuskar ta zube, baki a sake, idanu suna neman wanda zai ce wasa ne. Daɗin bai kai numfashi biyu ba.

Ya ture tebura uku kafin ya kai ga yaron. Ya kai hannu kansa zai kama gashi yadda ya saba, hannun ya zame. Sai ya cafki kunne ya murɗa har fatar ta yage, ɗayan hannun ya zaro ƙarfen ƙugunsa. Dukan farko Nilton ya tare da damtse, kowa ya ji ƙarar ƙashi. 'Yan mata suka yi waje suna ihu. Doña Máxima ta rataye a bayan mijinta, ya girgije ta ta bugu da allo. Zenobia ba ta san lokacin da ta isa wajen ba, har yau kuma ba za ta iya rantsewa ba ko shiga ta yi ko tura ta aka yi. Duka na biyu, wanda aka auna kan yaron da shi, a muƙamuƙinta ya sauka. Ta faɗi tana tofar da haƙora. Daga ƙasa ta ga Nilton ya ɗaga kujera da hannu ɗaya ya rotsa wa ubansa a fuska, ya sake, ya sake, har masu gasa kaji suka hawo suka danne su duka biyun.

Kwana huɗu bayan haka Doña Máxima ta zo wajen Zenobia a asibiti. Ba ta kawo komai ba, ba ta kuma zauna ba. Ta ce 'yan sanda sun saki mijinta jiya, da ido ɗaya a rufe. Nilton kuwa tun shekaranjiya ta sa shi a mota da ɗaurin hannunsa, zuwa Pichanaki wajen yayanta mai gonar kofi. Ba zai dawo ba, ba zai sake zama wata jarrabawa ba.

"Nilton ya gaya mini ya roƙe ki," in ji ta. "Ni ma na sani tun ranar Lahadi, ina kallon idonsa na gane, na yi shiru. Ke kin fi kowa sanin abin da mutumin nan zai yi. To me ya sa, Profe? Me yaron ya yi miki?"

An ɗaure muƙamuƙin Zenobia da waya, likita ya ce sai bayan mako shida za ta yi magana. Ta nuna bakinta da yatsa. Matar ta tsaya tana jira duk da haka, ta daɗe, sannan ta juya ta fita.