Ɗago Kai Ki Dube Ni

Jikata a hannuna ta tashi. Uwarta, 'yata ta fari, ta rasu tana goyonta, uban ya ce in riƙe, na riƙe. Wasu kakannin wasa suke yi da jikokinsu, a tsokani wannan a ja kunnen wancan. Ni ban samu damar wannan ba, don in ta lalace ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Tun tana 'yar mitsitsiya na kafa mata doka: babba na magana, ido a ƙasa. An tambaye ki, ki amsa a hankali, ban da cika baki. An yabe ki, ki yi shiru. Ta ɗauka tsaf. A layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba uwar da ba ta yi wa 'yarta gori da ita ba.

Karatu kuma Allah ya ba ta. Ni sai da furfura ta fito mini na shiga ajin manya na yamma can wajen Unguwar Gano, in na dawo ita ce ma take riƙe mini hannu a kan baƙaƙen boko. Shi ya sa rubutuna yake tafiya kamar maganata, a yi haƙuri da ni. Ita kuwa ta gama jami'a a nan Kano, ta karanci gwajin jini, irin masu leƙa madubin nan a asibiti su faɗi ciwon da ke jikin mutum. Tana bautar ƙasa ta dinga nema ta waya, har wata jami'a a ƙasar Turawa ta ce ta zo ta ƙaro karatu, su za su ɗauki nauyinta. Abu ɗaya ya rage, biza. Sai ta je Abuja, ofishin jakadancinsu, ta tsaya gaban wani ya yi mata tambayoyi. In ya gamsu ta tafi. In bai gamsu ba shi ke nan, makarantar ba ta jira, wata za a ba gurbin.

Kawunta, ɗana, ma'aikacin gwamnati ne, a Tarauni yake zaune da iyalinsa. Shi ya ɗauki nauyin horar da ita. Duk Asabar ta hau adaidaita ta tafi, ya yi ta jefa mata tambayoyi da Turanci tana amsawa. Kullum na tambaye shi sai ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, ta haddace komai."

Wata Asabar ɗin shi ya zo gaishe ni, sai suka yi abin a tsakar gidana. Ya hakimce a kujerar roba, ita tana zaune a gefen tabarma. Suna cikin yi Sista ta yi sallama. Sista maƙwabciyarmu ce, Bayarabiya, Kirista, nas a asibitin koyarwa. Tun 'ya'yanta suna rarrafe take haya a jikin gidanmu, Hausarta ta fi ta wasu da aka haifa a cikin birni. Babban ɗanta ya taɓa yin irin wannan intabiyun, ya samu, yana can. Daddawa ta zo saye, amma ta tsaya da kwano a hannu tana kallo.

Can ta ce, "Mama, yarinyar nan da wa take magana? Da yatsun ƙafarta?"

Kawun ya ce, "Sista, Turancinta ba gyara."

"Ban ce da Turanci ba, Oga. Turanci kam ta fi ni. Amma in ta je ta yi haka, wallahi ko ruwa ba za su ba ta ba. Mutanen nan, wanda ya ƙi kallon idonsu, a wurinsu ƙarya yake ɓoyewa. Muryar ma ba a ji. Ga gilashi a tsakani, ga mutane a baya suna surutu."

Raina ya ɓaci, don ji na yi kamar tarbiyyata ake zagi. Na ce, "To su a garinsu ba a haifar 'ya'ya masu kunya?"

Ta ce, "Ana haifa, Mama. Biza ce dai ba a ba su."

Kawun ya gyara zama ya ce wa yarinyar ta dube shi. Ta ɗago ta kalli hularsa, dariya ta kama ta, ta rufe fuska da mayafi. Sista ta gwada, aka samu ta kai ga kunnen Sista, daga nan ba ta wuce ba. Sista ta ajiye kwano ta ce, "Ku tsaya. A duniyar nan wa ta fi tsoro?"

Su duka ni suka juyo suna kallo, ban da ita.

"To shi ke nan," in ji Sista. "Ran da ta iya kallon Mama cikin ido, Bature wasa ne."

Na ce ni ba na jin Turanci. Ta ce ba kunnena ake so ba, idona ake so.

Ina sayar da kayan miya ta tagar ɗakin zaure, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, manja, barkono. Tagar tana kallon layi, an yi mata ƙarafuna saboda ɓarayi. Sista ta ce haka wurin intabiyun yake, mai tambaya a ciki a zaune, kai a waje a tsaye, jama'a a bayanka suna jin duk abin da kake faɗi. Don haka washegari da hantsi na shiga ciki na zauna a kan kujerata, na ce wa 'yar nan ta zagaya waje ta tsaya.

Ta tsaya, hannu a cikin hijabi, kai a sunkuye.

Na ce, "Ina za ki?"

Ta yi wani ƙus-ƙus.

"Ba na ji. Da kwanon barkono kike magana? Ɗago kai ki dube ni."

Ta ɗago kaɗan, idonta ya taɓa nawa ya gudu, sai hawaye.

"Inna, ba zan iya ba. Ji nake kamar zagin ki nake yi."

Na ce, "Wa ya hana ki kallon babba?"

"Ke."

"To ni ɗin na ce ki kalla. Share fuskarki, mutane na jira."

Da gaske kuwa mata biyu sun tsaya a bayanta da kwanukansu. Tela da ke tsallaken layi ya tsai da kekensa ya leƙo.

"Hajiya, yau kuma me ake sayarwa a tagar?"

Na ce, "Biza."

"To a auna mini ta Makka, rabin gwangwani!"

Na ce ya fara gama ɗinkin Sallar mutane da yake riƙe da shi tun bara. Matan suka kwashe da dariya, ita ma ta yi, tana kuka tana dariya.

Haka muka dinga yi kullum da hantsi kafin ciniki ya yi zafi. Da Hausa muka fara. Sista ta faɗa mini irin abin da ake tambaya, na riƙe a kai, ina kuma ƙarawa da nawa. Me za ki karanta? Wa zai ciyar da ke? Garin da za ki, kina da wani a can? In ta gama da Hausa sai in ce ta juya da Turanci. Ba na gane ko kalma, amma ina gane lokacin da muryar ta fara shigewa maƙogwaro, ina kuma ganin inda ido ya nufa. Da ya karkata sai in buga ludayi a jikin ƙarfen taga, ta zabura ta dawo. Masu sayen kaya suka saba, har akwai wata da take zuwa ba don komai ba sai ta tsaya a baya ta yi ta tari da gangan, wai ita ce cunkoson Abuja.

Inda muka sha wuya shi ne wajen yabon kai. Na ce mata, "Me ya sa ke aka zaɓa ba wata ba?"

Ta ce, "Allah ne ya nufa."

"Na sani, ni ma Musulma ce. Amma da kike zama kan littafi har abinci ya huce, aljani ne yake karantawa? A ajinku wa ya zo na ɗaya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ke nake tambaya."

"Ni ce."

"Ba na ji."

"Ni ce na zo ta ɗaya!"

Tela ya yi kabbara daga shagonsa. Ta ruga cikin gida da gudu, sai da na aika aka dawo da ita.

Akwai tambaya ɗaya da Sista ta ce ita ce uwar tambayoyin: in kin gama, za ki dawo? Kawunta ya haddatar da ita wata doguwar amsa a kan kishin ƙasa, amma da na tambaye ta da Hausa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "In Allah ya so." Sista ta ce a kunnen mutanen can wannan kamar ka ce wataƙila ne. Na ce ni ba zan hana 'yar Musulmi cewa in Allah ya so ba, ko biza goma za a ba ta. Amma ta fara faɗin niyyarta tukuna, ƙarara, sannan ta ɗora in sha Allahu a kai. Sista ta ce wannan ya yi.

Ana gab da tafiyarsu Abuja, wata safiya layin ba kowa sai tela, na sake jefa mata. Gaskiya a ranar ba don horo na yi tambayar ba. Na ga 'ya'yan mutane da suka tafi, sai dai a ga hotonsu a waya cikin manyan riguna.

Na ce, "Ke 'yar nan, bar haddar kawunki. Me zai dawo da ke?"

Ta ɗago. Ba ta kalli ɗankwalina ba, ba ta kalli kunnena ba, cikin idona ta kalla.

Ta ce, "Inna, inda na yi bautar ƙasa, akwai gwajin da sai an aika jini wani gari, a yi ta jira. Na ga wadda sakamakonta ya iso bayan an yi sadakar bakwai. Ummana ma har yau ba wanda ya iya faɗa mini ciwon da ya kashe ta. Abin da zan je in koyo ke nan, kuma a nan ake buƙatarsa, ba a can ba. Zan dawo, in sha Allahu."

Na buɗe baki zan ce to, sai ta ƙara.

"Kuma ga ki. Takardar magani in an rubuta sau uku, sau biyu kike karantawa don kada ki sha. Wa zan bar wa ke?"

Ba ta sauke idon ba. Ni da ake cewa ba na tsoron kowa a Gyaɗi-Gyaɗi, ni da na taɓa koro mai karɓar haraji da muciya, sai ga ni na juya ina gyara buhun kukar da ba abin da ya same shi.

Ta ce, "Inna, kin kau da kai."

"Kuka nake dubawa."

"Kin kau da kai. An hana ki biza."

Tela ya yi dariya har da buga keke. Na ce ta wuce ta ɗora mini ruwan zafi, marar kunya kawai. Rabon da in kira ta da wannan sunan ban sani ba, ina jin ma ban taɓa ba.

Ranar intabiyun tana Abuja da kawunta. Na buɗe taga kamar kullum, amma na auna wa wata barkono a maimakon kuɓewa, sai da ta dawo da shi. Sista ba ta da aikin safe, ta zo ta zauna a zaure tana nata addu'o'in, ina nawa. Wajen azahar waya ta yi ƙara, kawun ne.

"Inna, ta fito. Sun riƙe fasfonta."

Na miƙe tsaye. "Sun riƙe? A kan me? Sata ta yi musu? Ka koma ka karɓo mata abinta!"

Sista ta fizge wayar daga hannuna, ta ji, sai ta kama rawa a zauren da silifas ɗinta.

"Mama, in sun riƙe fasfo sun ba ta ke nan! Ciki za su manna bizar! Wanda aka hana shi ake miƙo wa nasa!"

Na zauna a kan buhun gishiri. Aka ba ni yarinyar a waya.

Na ce, "Yaya?"

"Inna, mace ce ma, ba ta fi Sista ba. Ta tambayi abin da zan karanta, da wanda zai biya, da abin da zan yi in na gama. Ta yi ta danna na'urarta."

"Kin dube ta?"

"Na dube ta. Inna, ko harara ba ta iya ba. Na yi ta jiran ludayi ban ji ba."

Da suka dawo Kano ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni, kanta a ƙasa kamar yadda na saba gani. Ban ce ta ɗago ba. Ta san wurin wannan, ta san wurin wancan, ni kuma abin da nake so ke nan.

Yanzu tana can, tana ƙorafin sanyi da rashin yaji a abincinsu. Na aika mata daddawa ta hannun wani mai tafiya, ban sani ba ko za su bari ta shiga. Kwanan baya matar nan mai tarin gangan ta zo da 'yarta, wai an kira ta intabiyun makarantar nas, kuma ko maƙwabci ba ta iya gaisarwa da ƙarfi. Yarinyar ta cire takalmi za ta shigo zaure, na ce a'a, ta mai da takalminta ta zagaya waje ta tsaya a bakin taga. Na ce wa uwar ta miƙo mini ludayin can.