Ranar da Gemun Surukinmu Ya Yi Ja

Abubuwa da yawa sun wuce ni na manta, amma ranar da gemun surukin ƙanena ya rine a gaban baƙi, ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina ba za ta fita daga kaina ba.

Ƙanena direba ne, yana jigila tsakanin Parakou da Djougou. Yana da kirki, sai dai Allah bai ba shi haƙurin tambaya ba, kafin ka rufe baki ya ce ya gane. A Djougou ya ga yarinyar da ta tafi da hankalinsa, 'yar wani dattijo daga gidajen nan na fataken goro tun kaka da kakanni. Dattijon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da dai ya iso kunnenmu shi ne wai direbobi gaggawa ta yi musu yawa, shi kuwa ba ya ba mai gaggawa 'ya. Ƙanena har ramewa ya yi.

Dattijon nan yana da wata 'yar wuƙar aljihu mai ninkewa da yake tsaga goro da ita. Ƙotarta ƙashi ce da aka rina ja, ta sha hannu har tana sheƙi, kuma gadonsa ce daga mahaifinsa. Ko 'ya'yansa ba sa taɓa ta. To wata rana sai ga shi ya danƙa wa ƙanena ita, ya ce ya kai wa maƙeri a Parakou a ɗaure ƙusar da ta yi sako-sako, idan an gama kuma ya shafa wa ƙotar mai, don kuwa ta riga ta bushe.

Ƙanena ya shigo gidana da ke unguwar Kpébié a nan Parakou yana ta washe baki, wai an fara yarda da shi. Maƙeri ya yi aikinsa lafiya lau, saura mai. Shi kuwa a wurinsa, da duk 'yan tasha, mai guda ɗaya ne a duniya, wanda ake zuba wa mota, kuma da shi suke wanke kowane ƙarfe ya fito fes. Don ya burge suruki bai ma tsaya shafawa ba. Gwangwani ya samu ya cika da fetur, ya tsoma wuƙar, ya tafi masallaci abinsa.

Da ya dawo fetur ya koma ja, ƙota ta koma fara-fara da dabbare-dabbare kamar ƙashin da aka gama shan romonsa. Ni dai na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na samu numfashi na ce ya je ya faɗi gaskiya tun da wuri, amma idonsa na kan robar jar kalar da nake ɗigawa a zoɓon sayarwa. Na ce masa ba za ta zauna ba, ya ce me na sani game da wuƙa. Ya dama ta da kauri, ya lafta, ya shanya a rana, ya bi da basilin. Wallahi ta yi kyau. Ni kuwa na ƙudura a raina ko da rarrafe sai na je Djougou na ga ƙarshen wannan aiki.

Ranar da kawunmu ya jagorance mu neman aure ana zafi sosai. Maza suka zauna a tabarma ƙarƙashin mangwaro, mu mata muna bakin madafa inda muke hango komai. Ƙanena ya durƙusa ya miƙa wuƙa da hannu biyu. Dattijo ya juya ta, ya ce shi kam bai san ta da ja haka ba, sannan ya shiga tsaga goro yana rabawa, gumi na tsattsafo masa.

Ashe yana da wata ɗabi'a, in yana tunani sai ya riƙa shafa gemu, gemun nan kuwa fari tas. Kawu ya fara bayanin abin da ya kawo mu, dattijo ya shafa gemu. Kawu ya yabi halin ɗansa, dattijo ya ƙara shafawa. Kafin a zo batun natsuwar ƙanena, rabin gemu ya yi jawur. Nan take tari ya sarƙe kawu. Sauran maza kowa ya duƙufa kallon saƙar tabarma, ni kuwa na cusa mayafi a baki hawaye na zuba.

Uwar yarinyar ce ta fasa ƙwan. Ta kawo ruwa, ta ɗago kai, ta tsaya.

"Malam, wa ya sa maka lalle ban sani ba?"

Ya dubi tafinsa, ya dubi wuƙa, ya kai ta hanci ya sunsuna. A nan dariyata ta ɗauke, tsoro ya kama ni da gaske, don na ga auren ƙanena yana shirin zubewa.

"Direba, wane mai ka shafa mata?"

"Esans, Baba, wato fetur."

"Jan fa?"

"Na zoɓon Yaya ne."

Kun ji ɗan banza, har da ni ya jawo ciki.

Dattijo ya murza ƙotar da yatsa. Da ya buɗe baki, a hankali ya ce ƙashi rinanne ba a jiƙa shi ko da ruwa, ba ya son sabulu, ba a barin sa a rana. Ɗan man kaɗanya ake lakatowa a kan yatsa a murza, a goge da tsumma mai laushi, haka mahaifinsa ya yi, haka shi ma yake yi. Ya ce rinin nan ba zai dawo ba, kuma na ji ciwon abin a muryarsa. Ƙanena kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai dattijo ya ninke wuƙar, ya dube shi da jan gemun nan nasa.

"To saurara. Gobe in 'yata ta ce maka mai ya ƙare a gida, kada ka kawo mata bidon ɗin fetur daga tasha."

Kawu ne ya fara gane cewa an ba mu yarinyar. Dariyar da aka danne ta ɓalle gaba ɗaya, har shi dattijon.

Yau 'ya'yansu sun tasa, wuƙar kuma tana nan da dabbarenta, ba a sake rina ta ba. Abin da na koya a ranar shi ne kalma ɗaya takan zama biyu tsakanin bakin mai goro da kunnen direba, kuma in an ba ka amanar abin da ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka yi gwaninta. Ƙanena dai ya koya. Har gobe in matarsa ta aike shi sayen mai, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wanne?"