Ranar da Zara Ta Yi Baƙo

Jajibirin kasuwar Makarfi ne, bayan ƙaramar salla, Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba. Ina aji huɗu a firamaren Kudan, kullum aka tashe mu sai in cire kayan makaranta in gangara fadamar ƙauyenmu da ke kusa da Taba, inda ake dafa mazarƙwaila. Injin matse raken na wani attajiri ne, mu 'yan ƙwadago ne kawai. An ɗaura wa wani tsohon baƙin doki dogon itace, yana zagayawa injin yana juyawa. Baba shi ke cusa rake a bakin ƙarfen, ni kuma ina bin dokin da tsumagiya. Ruwan rake yana tafasa a manyan kasake, ƙamshinsa har bakin hanya, mu yara muna lasar ƙanzon da ya manne a ludayi. Wurin nan doka ɗaya gare shi, kuma ko yaron goye ya san ta: doki ba ya motsi sai mai cusa rake ya ce "kora".

A kwanakin nan garin ba shi da zance sai na sama. Zara, tauraruwar nan mai haske da ke fitowa yamma bayan faɗuwar rana, ta yi baƙo. Wani babban tauraro ne ya riƙa matso ta, kullum magariba sai ka ga ratar ta ragu. Ga wata ya cika, yana fitowa ta gabas. Matan da ke wanke kwanukan zuba mazarƙwaila suka samu abin yi, Iya Dije tana cewa, "Ku ga Zara matar wata, miji yana gabas, ita tana yamma tana zance da wani." Liman ya ce sunan baƙon Mushtari, a yawaita sadaka. Malaminmu na boko ya ce duniyoyi ne, ba za su taɓa karo ba, kowa ya kalla ya zo da labari. Mu kuwa mun yi musu har da dambe a filin langa, wasu sun rantse idan suka haɗu wuta za ta zubo a kan Ikara.

A yammacin da nake faɗa, sun matso har in ka miƙa hannu babban yatsanka zai rufe su duka biyun. Ɗaya fari fat kamar sabon kwano, ɗaya da ɗan ruwan ɗorawa, sararin ƙarƙashinsu jajawur. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, har yau. Daidai lokacin rake ya cushe a injin. Baba ya ce, "Tsai da shi, Sani. Je ka kallo wa malaminku taurarinsa, bari in share bakin nan." Na tsai da doki, na hau kan tarin matsattsen rake, kowa a wurin ya juya yamma. Sai ga Ilu, ɗan mai injin, saurayi mai ji da sabon kekensa. Ya ga doki a tsaye, ya ce ubansa ba ya ciyar da malalata, ya zari sandar rake ya zabga wa dokin a gindi. Da idona na gani, domin ƙararrawar kekensa ce ta sa na waiwayo. Dokin ya zabura, ƙarfe ya juya, hannun daman Baba yana ciki. Baba bai yi ihu ba, salati kawai ya yi. A bayan motar rake aka kai shi asibiti Zariya, can aka yanke hannun daga daidai wuyan hannu.

Da aka je gaban dagaci, Ilu ya durƙusa kamar mutumin kirki ya ce shi ya tarar da doki babu kowa a kansa, dokin ya zabura da kansa, yaron da aka ba amana yana can yana kallon sama. Na ce ƙarya yake yi, aka ce in rufe wa mutane baki. Masu shaida duk tuwonsu yana hannun uban Ilu, kowa ya ce shi taurari yake kallo. Baba da ya dawo ya ce shi ya ba ni izini, amma kansa yana sunkuye, bai ga wanda ya bugi dokin ba, a bar wa Allah. Wa zai ja da mai inji? Talaka ba ya shari'a da wanda ke ba shi aiki. Aka bar ni da suna, Sani Mai Taurari, yaron da ya cinye hannun ubansa.

Karatu ya ƙare daga nan. Na ɗauki garma ina ɗan ƙanƙane, na yi noman dawa da gyaɗa, na yi dakon rake zuwa Makarfi, 'yan ajinmu suna wuce ni da littattafai. Wannan duk na iya haɗiyewa. Abin da ban haɗiye ba shi ne cin abincin Baba. Mutumin da ke fitar da akushi ƙofar gida a ci da maƙwabta, ya koma ci a ɗaki shi kaɗai, yana jin kunyar sa hannun hagu a kwanon jama'a. A masallaci in aka miƙo masa hannu sai ya dafe ƙirji. Haka ya rayu, haka ya rasu.

Bara Ilu, wanda ya zama Alhaji mai motoci, ya kwanta ciwo, ya aiko ɗansa wai yana neman gafarata. Na je, na same shi ya rame kamar kara. Na ce, "Ilu, abu ɗaya nake so. A ɗauke ka a kai ka ƙofar masallaci ranar Juma'a, ka faɗa wa mutane wanda ya bugi dokin." Ya ce, "Haba Malam Sani, da girmana? Abin da ya wuce ai ya wuce." Na ce, "A wurinka ya wuce. To riƙe girmanka, ni ma in riƙe gafarata." Ranar jana'izarsa liman ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa, sahu ya amsa an yafe. Ni na bi salla, na ɗauki gawa, na zuba ƙasa, amma bakina bai motsa ba. 'Ya'yana sun ce zuciyata ta yi tauri. Ƙila haka ne.

Yanzu babu doki a fadamar, injin mai ne ke ruri tun safe, matan da ke zolaya duk sun kwanta dama, yara ba su san wace ce Zara ba. Wani lokaci in iska ta kawo ƙamshin ruwan rake yana dahuwa, sai in tuna Baba da hannu biyu, yana ɓare mini rake da wuƙa. An ce ranar gobe ƙiyama gaɓoɓi za su yi magana, ba ruwansu da dagaci. Ni wannan zaman nake jira.